Kibiyar da Ba Dafi

Duk wanda ya san kasuwar Zango ya san Badaru maharbi, gajeren mutum wanda ba ya doguwar gaisuwa. Farauta gado ya yi. Baka, kwari da tukunyar dafi duk na ubansa ne. Bakan nan ya sha man shanu har ya yi baƙi ƙirin, kuma Badaru ya fi lallaɓa shi a kan 'ya'yansa, wannan ko a gabansa sai a faɗa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, matarsa Hadiyya ta jiyo a Islamiyya cewa dabbar da dafi ya kashe kafin a kai mata wuƙa mushe ce. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai daina cin namansa. Ya dawo daji da kaya niƙi-niƙi, ita kuwa ta ci tuwonta da miyar kuka tsura. Shekaru suka tafi a haka, abin yana cinsa a rai. Mutumin da ya ciyar da unguwa nama, a ce matarsa tana ƙyamar abin hannunsa!

Da makiyaya suka kawo labarin an ga barewa wajen iyakar Nijar, sai ya yanke shawara. Da hantsi ya zauna a zaure ya kankare dafin kibansa tas. Hadiyya ta leƙo, ta gani, ta koma ciki.

Hamma, abokin farautarsa, ya tarar da shi yana rage tsawon tsirkiyar bakan don ya ƙara ƙarfi.

"Me kake yi haka, Badaru?"

"Kibiya ba dafi sai ta nutse har zuciya. In ba haka ba barewa ta tafi da ita."

"Bakan nan ya girme mu. Ba zai ɗauka ba."

"So nake Hadiyya ta ci, Hamma. Ko sau ɗaya."

Ya shafe bakan da mai, ya gasa shi sama-sama a garwashi, ya kafa gindinsa a ƙasa. Ya yi bisimilla, ya sa gwiwa ya danna. Itacen ya lanƙwasa, tsirkiya ta kusa kai gurbinta, saura ƙiris. Ya ƙara dannawa.

Ƙas!

Hamma ya yi salati. Badaru ya zauna daɓas da guntaye biyu a hannu, yana haɗa su kamar za su kama.

A nan ne suka jiyo daka daga cikin gida, ƙamshin citta da masoro ya biyo iska. Hadiyya ce take dakan yajin nama.

"In shiga in gaya mata?" in ji Hamma.

Badaru ya girgiza kai. "Bar ta ta gama."