Sukarin Albashin Farko

Ina aji uku a jami'a, ina karatun kwamfuta, na fara samun aiki ta intanet. Wani abokin karatuna ne ya nuna mini shafin da mutane daga ƙasashe daban-daban suke saka ƙananan ayyuka, ɗalibai irinmu su yi ta rububi. Wasu 'yan ajinmu suna koyar da yara lissafi ta bidiyo, wasu suna gwada manhajojin waya suna faɗin inda suka ga matsala. Ni ba ni da haƙurin koyarwa, yaro ya tambaye ni abu sau biyu sai raina ya ɓaci, don haka na tsaya a gina shafuka. Na sha nema ana share ni, kafin wani Bature mai shagon gyaran kekuna ya ba ni aikin shafin da masu kawo masa gyara za su riƙa zaɓar rana da lokaci. A ɗakina na ƙofar gida, a Tudun Wada, na yi aikin. In an ɗauke wuta sai in kai kwamfutar wurin mai caji, in zauna ina gadinta.

Da kuɗin suka shigo, na yi abin da kowane ɗa yake yi da albashin farko. Na ciro su duka, na durƙusa gaban Inna na miƙa mata. Ta yi ta sa mini albarka har da hawaye. Washegari ta sa aka sayo shinkafa da man gyaɗa da kwalayen sukari da sabulu. Ta ajiye na gida, sauran ta ƙulla a leda ta aika wa 'yan'uwa da maƙwabta, ana cewa ga albarkar albashin farko na ɗanta. Ni kuwa sai washe baki nake yi. Babu ɗayanmu da ya tuna cewa duk layinmu ba wanda ya taɓa ganin na fita aiki.

A unguwarmu aiki abu ne da ake gani. Tela yana da keken ɗinkinsa, ma'aikaci yana tsayawa bakin titi da safe, har mai zaman kashe wando an san inda yake zama. Ni an san ni ɗalibi ne, in na dawo makaranta in shige ɗaki in turo ƙofa. Ga shi a lokacin labari ya cika gari cewa an zo da mota an kwashe wasu samari a wani gida a unguwar Hanwa, su da kwamfutocinsu, wai 'yan damfara ne masu yashe asusun mutane. Ban haɗa labarin da kaina ba sai ranar da Hajiyar gidan kusurwa ta dawo da ledarta. Ko buɗewa ba ta yi ba. Ta ce wa Inna ta gode, amma ita a shekarunta ba ta son abin da ba ta san asalinsa ba ya shiga cikinta.

Na ji haushi ƙwarai, na yi ta banbami a tsakar gida cewa matar da ko saƙon waya ba ta iya turawa ita ce za ta yi mini fatawa. Haushin bai daɗe ba tsoro ya maye gurbinsa. Na lura in na zo wucewa ta majalisar dattawa a ƙofar masallaci sai hira ta tsaya. Mai cajin da muke raha da shi ya ce soket ɗinsa sun cika, alhali ina ganin guraben da ido. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in ɗauka ni aka zo kamawa. Na fara tura kwamfutar ƙarƙashin katifa in zan fita, ni da ban ci na kowa ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Baba. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, kuma abin alfaharinsa ɗaya a duniya shi ne bai taɓa kawo kwabon haram gidansa ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Kawai ya daina cin abincin gidan. Inna ta kai masa tuwo ya ce a ɗauke, ta haɗa shayi ya ce ba ya sha, domin shinkafar da man da sukarin duk sun gauraya da abin da na kawo. Sai ya fita ya sayi ƙosai ko burodi da kuɗin fanshonsa, ya ci a zaure. Mutum ne mai ciwon ciki tun da can, muna gani yana ramewa. Inna ta daina duban idona.

Na same shi a zaure na buɗe masa kwamfutar, na nuna masa shafin da na gina da saƙonnin da muka yi da Baturen. Ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce rubutu ne, kuma kowa yana iya rubutu. Sannan ya ce:

"Duk wanda ya ɗauki ɗan mutum aiki, uban yaro yana zuwa ya gaishe shi ya ba shi amana. Ka haɗa ni da maigidan naka. In akwai shi, zan gan shi. In babu shi, ko wannan abu ya bar gidan nan ko ku bar shi tare."

Na san Baba ba ya maimaita magana. Matsalar ita ce ni kaina ban taɓa ganin mutumin ba, ban taɓa jin muryarsa ba. Saƙonninsa gajeru ne, ba gaisuwa ba tambayar iyali. Na zauna ina rubutawa ina gogewa, don ban san yadda zan gaya wa Bature cewa ubana yana son ba shi amanata ba. Daga ƙarshe na ce mahaifina yana son ya gaishe shi ta bidiyo, al'adarmu ce. Amsa ba ta zo da wuri ba. A cikin wannan jira har wani mugun tunani ya shige ni: in fa babu shagon, in fa wani ɓarawo ne ya yi amfani da ni ban sani ba? Da amsar ta zo, kalma biyu ce da lokaci, wanda ya faɗo bayan la'asar ɗinmu.

Ranar na kai kwamfutar caji har unguwar Kongo, inda ba a san ni ba, na sayi data fiye da buƙata. Baba ya yi wanka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a da hula da tabarau, har da turare. Muka zauna a tabarmar zaure, na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsuguno. Inna tana laɓe a bayan ƙofa, ina jin motsin carbinta. Na danna kira, ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba har ya katse. Baba ya gyara hannun rigarsa. Na sake dannawa. Ina ta addu'a a zuci kada a ce yau ce ranar da sabis zai ci amanata.

A karo na biyu allon ya yi haske. Wani dattijo ne mai sanƙo, fuska a murtuke, bayansa kekuna rataye a bango. Ya ɗaga hannu, hannun baƙi ƙirin da man keke. Baba ya matso har hularsa ta kusa taɓa allon. Ya gaishe shi da tsohon Turancinsa na ofis, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin ƙasarsu. Sannan ya ce ga ɗansa nan amana, in ya yi ba daidai ba a sanar da shi. Baturen ya yi ta kallonmu, ya ce yaron ya yi aiki mai kyau, amma yanzu akwai mai jiran kekensa. Ya kashe kiran tun Baba bai gama godiya ba.

Bai sake ba ni aiki ba. Na tura masa saƙo daga baya, ya karanta ya yi shiru, kuma har yau ban san ko gaisuwar ce ta ba shi tsoro ba. Mutanen layinmu ma ba su canza a rana ɗaya ba, na daɗe ina firgita da ƙarar mota. Amma a ranar, da allon ya yi duhu, Baba ya zauna yana kallonsa. Can ya ce mutumin ba shi da fara'a, sai dai hannunsa hannun mai aiki ne. Ya cire tabarau ya juya wajen ƙofa.

"Ke da kike laɓe, a haɗa mini shayi. A sa sukarin yaron nan."

Inna ta kawo kofin a faranti. Baba ya kurɓa, ya ce sukarin ya yi kaɗan, a ƙara.