Kwaɗon da Ya Ɗaure Bakinsa

A gidanmu na unguwar Rikkos sanyi ne ke tara mu. Da an idar da magariba sai Kaka Hanne ta jawo kaskon garwashi tsakiyar ɗaki, ni da yayana Sule mu miƙa tafin hannu, ita kuwa tana juya mana dankali cikin toka. Sai ta gyara murya ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso."

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kwaɗo. Wai ruwan wani tafki ne ya lalace, dabbobi suka yi ta ƙaura. Kwaɗo ya ce ba inda za shi, nan aka binne cibiyarsa. Ya ɗaure bakinsa da ciyawa don kada ko ɗigo ya shiga, ya koma cikin ruwa ya zauna. Ba a jima ba ƙafafunsa suka daina tsalle.

Sule ya miƙe tsaye. "Kaka, ai bai sha ba!"

"Bakinsa bai sha ba, ɗan nan," in ji ta. "Jikinsa ne ya sha."

Yau ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Nakan zana wa ɗalibai ƙwayar halitta da siririn tantanin da ya lulluɓe ta, in ce musu wasu abubuwa kan ratsa shi da kansu, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi kaɗan, ba tare da jiki ya yi wani yunƙuri ba. Haka iskar da muke shaƙa ke shiga jini. Haka kuma wata gubar ke bi ta fata.

Sule yana noman kabeji a bakin tsohon kududdufin da masu haƙar kuza suka bari. Da singileti yake feshin maganin ƙwari, tankin feshin yana yoyo a gadon bayansa. Bara aka kwaso shi daga gona yana gumi da amai. Ya rayu, amma har yanzu hannunsa na rawa.

"Yaya, ka bar feshin nan," na roƙe shi.

"Binta, in na bari tsutsa ta cinye gonar, yaran su ci me?"

Da muna yara na ɗauka taurin kai Kaka ke ja mana kunne a kai. Yanzu in na tuna muryarta, tausayi nake ji a ciki. Ta san mutanen da ba su da wani tafkin.

Na saya masa rigar leda da safar hannu. Matarsa ta ce yana sawa da safe, in rana ta take sai ya cire.