Kugen Ƙofar Inna Luba

Jatau maƙeri ne a Tsafe, ba mai yawan magana ba. Yakan tsaya da guduma a hannu yana kallon tartsatsi har ƙarfe ya huce. A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, wani lebura ya kawo masa gyaran diga, ya bar masa kyautar wani guntun baƙin ƙarfe mai kamar kofaton jaki.

"Mayen ƙarfe ke nan," in ji leburan. "Kusantar da allura ka gani."

Allura ta yi tsalle ta manne. Jatau ya wuni yana jan garin ƙarfe da shi a kan fata, garin yana miƙewa kamar gero ya tsiro bayan ruwan farko.

Lokacin nan tsufa ya rikita mahaifiyarsa, Inna Luba. Da hantsi sai ta ɗauki tulu ta fice, wai za ta gulbin Bungudu, garin da aka haife ta. Wata rana can gindin duwatsu aka tsinto ta, ƙafafunta duk ƙaya. Maƙwabta suka ce a riƙa kulle ta. Jatau ya ce ba zai kulle uwarsa ba.

Sai ya ɗaure mayen ƙarfen a jikin ƙyauren ɗakinta, ya rataye wani siririn ƙarfe da tsirkiya a gefen ƙofa, kusa da wani kuge da ya kafa. In ƙyaure yana rufe, mayen na riƙe da ƙarfen. Da an buɗe sai ya suɓuce ya bugi kugen, ƙarar ta kai har maƙera.

Duk sanda ya ji, yakan ajiye guduma ya tarye ta a zaure.

"Inna, ina zuwa?"

"Gulbi. Su Maimuna na jirana."

Maimuna yayarta ce, ta rasu tun Jatau yana goye. Bai taɓa tuna mata ba. Yakan karɓi tulun su taka tare har bakin gonaki, tana ba shi labarin yashi mai sanyi da 'yan kifayen da ke ratsawa tsakanin yatsun ƙafa. In ta gaji su juyo.

Da kaka ta yi, ya ɗora ta a jaki suka yi doguwar tafiya har Bungudu. Ta tsaya bakin ruwa ta daɗe tana dubawa.

"Ba nan ba ne," ta ce. "Namu ya fi wannan faɗi."

Duk da haka ta zauna ta tsoma ƙafafunta, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. A nan Bungudu wata jikar Maimuna mai suna Saude ta ji labarinsu ta gane ta, ta riƙe su har bayan sallah. Inna Luba ta ƙi komawa Tsafe. Jatau ya je ya kwaso zuga-zugi da iyalinsa, ya kafa maƙera a kusa da gulbin, kuma a can ya tsufa.