Ranar da Ilu Ya Mayar da Tawada

Duk wanda ya zauna Dutsin-Ma a ƙarshen shekarun tamanin ya san Ilu Mai Inji. Mutumin Kurfi ne, siriri, ga shegen zulumi, ko ƙaya ya taka sai ya fara tunanin yanke ƙafa. Bijiman gadonsa ya sayar, ya sayi injin kwafin takardu, ya kama shago kusa da tasha. Dangi suka ce ya zautu.

Cinikin dai bai taka kara ya karya ba. Abu ɗaya ke riƙe da shagon: Malam Yunana, hedimastan wata makaranta, yana kawo takardun jarrabawa duk ƙarshen zango. In wannan aiki ya kuɓuce, sai dai a sa wa ƙofa kwaɗo, kuma Ilu ya san haka.

To, jarrabawa na ƙaratowa ya sayo gwangwanaye biyu na tawada, baƙin garin nan da injin ke ci, a kantin wani Mista Ernest a Katsina. Ya sa na farko, takarda ta fito kamar kaza ta taka. Na biyu kuwa zuba yake ta gindi. Ilu ya nuna wa Malam Yunana takardar.

Malam Yunana ya juya takardar gaba da baya. "Malam Ilu, in Litinin ta yi babu, zan kai wani wuri. In kuwa na kai, na kai ke nan."

"Akwai garanti, Malam. Mai kantin ya ce in maido su yadda suke, da 'yar takardar lamba da ke manne a jiki, ya canza mini."

Ya ɗaure su a buhu ya hau mota, yana ta taɓa buhun ko yana nan. Ilu kuwa ba ya wuce Kurfi bai gaida mahaifiyarsa ba, ko gobara ake yi. Ya sauka, ya durƙusa gaban Inna Fatu, ya gaya mata kayan mutane ne zai mayar. Ya ajiye buhun a tsakar gida ya tafi masallaci.

Inna Fatu mace ce da ba ta taɓa mayar wa maƙwabta kwano da maiƙo ba. Ta buɗe buhu, ta ga baƙi dumu-dumu, ranta ya ɓaci. Ɗanta ne zai shiga birni da wannan ƙazanta? Ta ɗebo toka da soso da sabulun salo, ta zauna. Ta wanke ciki ta wanke waje. 'Yar takardar nan ta ƙi fita, ta kankare ta da wuƙa.

Da Ilu ya dawo ya tarar da gwangwanayen a kife kan turmi, suna ɗigar ruwa, suna ƙyalli. Ya buɗe baki, ya dubi hannuwan tsohuwa da suka yi baƙi har gwiwa, ya rufe. Har ƙullin daddawa ta saka masa a buhun, wai a ba mai kanti.

Hanyar Katsina duka addu'a yake yi, yana shirya magana yana warwarewa.

Mista Ernest ya jijjiga gwangwani ɗaya, ruwa ya ɗiga kan teburin kanti. "Malam, ina lambar? Ina garin da ya lalace? Me zan nuna wa kamfani?"

"Wallahi a nan na saya. Ai ka gane ni."

"Na gane ka sarai. Kamfani ne bai san ka ba." Ya tura masa su a hankali, da alamar shi ma bai ji daɗi ba. Daddawar dai ya karɓa.

Ilu ba shi da halin sayen sababbi. Litinin ta zo, Malam Yunana ya kwashe takardunsa, kafin damina shagon ya koma hannun wani tela. Ilu ya yi kuka, ba a ɓoye ba.

Amma tun a waccan ranar, da motar ta sauke shi Kurfi da la'asar, Inna Fatu na bakin zaure tana jira.

"Sun ga kayan?"

"Sun gani, Inna."

"To madalla," in ji ta, tana murza baƙin da ya ƙi fita a farcenta. "Da ka kai su yadda suke, ai da sun ce ba ka da uwa."