Kwastoman Ƙarshe na Baba Kar-ka-motsa

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tsaye a bayan kujerar aski, kuma a duk tsawon shekarun nan babu maganar da ta fi fita daga bakinsa kamar "kar ka motsa". Yana faɗa wa yaro, yana faɗa wa alƙali, har wanda barci ya kwashe a kan kujera sai ya faɗa masa. Da haka unguwa ta manta da sunansa na gaskiya, ta koma kiransa Baba Kar-ka-motsa. Shagon ba wani babba ba ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai benci, sai madubin bango da ya tsage a kusurwa, sai ƙaramin madubin hannu da yake ɗaga wa mutum a ƙeya idan ya gama.

Mutum ne mai ra'ayi ɗaya tak, kuma ya riƙe shi gam. A ganinsa ba a wulaƙanta wanda aka gyara. Ya ga masu neman aiki sun shigo a yamutse sun fita ana ce musu yallaɓai. Ya ga wanda ya tashi daga doguwar jinya ya zauna kamar gawa, aka rage masa suma aka daidaita gemu, ya miƙe yana tambayar labarin gari. Don haka duk wanda ya kawo masa kukan an raina shi, shawarar ba ta canzawa. Zauna a gyara ka tukuna.

Sai hannu ya fara rawa. Da farko da safe kawai, daga baya har da rana. Wata Laraba ya ɗan tsaga kunnen wani direba, tsagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Direban ma dariya ya yi. Amma labarin ya kai kunnen ɗansa, ma'aikacin ofis mai son a ce komai nasa tsaf yake, shi kuwa dama dalili yake nema.

"Baba, ka huta haka nan," in ji shi. "Me za a ce da ni a gari?"

Kafin wata biyu shagon ya koma na sayar da cajar waya. Matarsa ta riga ta rasu, don haka aka kwaso shi da akwatinsa zuwa gidan ɗan, aka ba shi ɗakin baya kusa da sito. Hutu aka kira abin. Abinci ba ya yankewa, magani ba ya yankewa, ana gaishe shi da safe daga bakin ƙofa ana duba agogo. Babu wanda ya taɓa yi masa rashin kunya a gidan, kuma wannan ne ya fi cin ransa, domin ko abin da zai yi fushi a kai bai samu ba. Shekara uku ya yi a haka.

Wata safiya ya shiga siton neman bokiti, wari ya tare shi. A bayan tsohuwar katifa da fankar da ta lalace ya ga keji, a cikin kejin kuma wani dunƙulen gashi mai launin toka yana numfashi. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane. Ɓeran Masar ne, ɗaya daga cikin biyun da aka saya wa jikarsa tana 'yar shekara tara. Macen ta mutu tuntuni. Yarinyar ta girma ta tafi makarantar kwana, kejin kuma ya bar falo ya koma baranda, daga baranda ya koma nan. Wanda ya tuna ya jefa masa ɓawon kabeji, wanda bai tuna ba shi ke nan.

Ya sami surukarsa a kicin tana haɗa kwandon abincin ofis.

"'Yata, dabbar nan da ke sito fa?"

"Ɓeran? Ƙarshen wata zan sa a fitar da shi, Baba. Injin wanki zan sa a wurin."

"Ai ba ɓera ba ne irin na rami. Suna ne kawai."

"Ɓera ɓera ne, Baba, ko daga ina ya zo. Ka ga yadda ya koma kuwa? Wa zai zauna da wannan ƙazantar a gida?"

Ta ɗauki makullin mota ta fita. Shi kuwa a duk maganarta kalma ɗaya ya riƙe, ƙazanta. Idan ƙazanta ce matsalar, ai an zo fagensa. Kwana goma sha tara suka rage wata ya ƙare, kuma ya ƙudura a ransa cewa ranar da za a zo fitar da dabbar nan, babu mai iya kallonta ya ce a fitar.

Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya warware tsohon tawul ɗin da ya naɗe kayan aikinsa. Almakashi biyu, mataji mai ƙananan haƙora, buroshi mai laushi na kaɗe wuya, abin yanke farce. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga musu mai. Ranar bai taɓa dabbar ba. Ya dai janye katifar don haske ya shigo, ya kwashe jiƙaƙƙiyar takardar da ke ƙasan kejin, ya wanke kwanon ruwa wanda ya yi kore shar. Ɓeran ya maƙure a kusurwa yana kaɗa haƙora. Tsohon ya kifa bokiti ya zauna.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai," ya ce, yadda yake ce wa kowane sabon kwastoma. "Ba sauri muke ba."

Sai a rana ta huɗu ɓeran ya karɓi karas daga hannunsa. A ta biyar ya yarda aka ɗauke shi. Da tsohon ya ɗora shi a cinya a kan tawul, ya ga irin halin da yake ciki. Gashin baya ya cure da kashi ya yi tauri kamar busasshen laka. Ƙarƙashin ciki ya yi ja saboda zama cikin fitsari. Faratan sun yi tsawo har sun nannaɗe, ɗaya ya juyo ya shiga tafin ƙafa. Idanun sun yi hazo irin na tsufa. Jikin kuwa ba nauyi, duk gashi ne. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya rasa wanda zai zaga, domin shi ma shekara uku yana kwana bango ɗaya da wannan halitta bai sani ba.

Ya ɗauki almakashi, hannun ya hau rawarsa. Ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya jingina wuyan hannun a gwiwa, ya lura cewa rawar tana zuwa tana tafiya, akwai ɗan tsakani da take lafawa. A wannan tsakanin yake yanka. Ya sa mataji tsakanin fata da curin gashin don kada bakin almakashi ya kai nama, ya jira, ya datse, ya sake jira.

"Kar ka motsa, Yallaɓai."

Curi ɗaya ya ci masa rabin awa. Aikin da a da zai gama kafin shayi ya huce, kwana shida ya ɗauke shi. Bai tsoma shi a ruwa ba, don tsoho ba ya son sanyi. Tsumma yake jiƙawa da ruwan ɗumi ya goge, ya tsane da tawul, ya rungume shi a ƙirji har ya bushe. Faratan ya bari ƙarshe. Ya kai shi bakin taga, ya ɗaga kowace ƙafa a hasken rana har ya hango inda jan jijiyar ya tsaya, ya yanke ƙasa da nan kaɗan. Farce goma sha huɗu, ko ɗigon jini babu. Ya so a ce direban nan yana wurin.

Mai aski ba ya aiki baki rufe. Yana tajewa yana ba shi labarin shago, wane ya rasu, wane ya yi sanƙo yana ɗan talatin ya dinga ɗora laifin a kan mashin ɗin aski, wane yake zuwa duk mako ba don aski ba sai don matarsa ta cika faɗa. Ya ba shi labarin tasa matar, yadda take cewa ya gyara kan duk garin ya bar nasa kamar tsintsiya. Ɓeran yakan miƙe a cinyarsa, ya saki jiki, wani ɗan gurnani mai daɗi yana fita daga cikinsa idan buroshi ya bi bayan kunne.

A mako na biyu ne abin ya faru. Ya fito daga ɗaki yana jan silifas, sai ya ji fito daga sito, siriri, sau uku a jere. Ya tsaya. Ya sake taku, fiton ya ƙaru. Takunsa aka gane, shi ake kira. Ya dafa bango, kuma ba kunya ya yi kuka, domin tun da ya shigo gidan nan babu wanda ya ji tafiyarsa ya yi murna.

Da jikar ta kira waya ranar hutu, ya karɓa da zumuɗi.

"Amaryata, kin gudu kin bar ni da tsohon ɓeranki."

"Kai Kaka, wa zai zauna da miji ba haƙora?" Ta yi dariya, sannan ta ce, "Wane ɓera? Au, wai bai mutu ba?"

Ya ce bai mutu ba. Ta ce a ba ta mamanta, tana son a aiko mata da takalmi.

Ranar Asabar, saura kwana biyu wata ya ƙare, ya yi masa tazar ƙarshe. Ashe ba toka ba ne launinsa, fari ne da ruwan zuma, da wata tsaga a goshi kamar da reza aka fitar da ita. Tsohon ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauko shi a kan wankakken tawul, ya shiga falo inda ɗansa da surukarsa suke karyawa. Ya ajiye shi a kan tebur ya ja da baya, yadda yake yi idan ya cire wa kwastoma mayafi.

Surukar ta ajiye kofi. "Wannan shi ne? Baba, kai ka yi wannan?"

"Ɗan gyara ne kawai."

"Kai, ka ga kyau. Kamar na kanti." Ta ɗauko waya ta yi masa hoto ta gaba, ta yi ta gefe. Har shafa shi ta yi da ɗan yatsa. Ɗan ya yi murmushi ya ce lallai Baba an sha aiki.

Ya koma ɗaki zuciyarsa fes. Da yamma ya matsar da akwatinsa, ya auna wurin da keji zai zauna a gefen gado, inda rana ke shigowa da hantsi. Sito kuwa, a bar wa injin wanki abinsa.

Washegari da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata abokiyar aikin surukar ce da 'ya'yanta uku, suna rige-rigen shigowa suna tambayar ina yake, ina na hoton. Kafin tsohon ya gama neman silifas, ɗansa ya riga ya fito da kejin tsakar gida. Yaran sun kewaye shi suna zura yatsu, ƙaramin yana buga ƙarfen da murfin kwalba. Ɓeran ya maƙure a kusurwa yana kaɗa haƙora.

"Ina za a kai shi?"

"An samu masu so, Baba," in ji ɗan, fuskarsa a sake. "Sau biyu muna kiran mutane su ɗauka, kowa ya leƙa sai ya toshe hanci ya tafi. Jiya tana tura hoton nan, ko minti goma ba a yi ba. Da ba ka gyara shi ba, wa zai karɓa?"

Tsohon ya buɗe baki. Ya so ya ce a bar masa, ya riga ya share wuri. Amma baƙuwar tana tsaye tana godiya, surukar tana cewa ai ba komai, yaran sun fara faɗa a kan suna. Gidan ba nasa ba ne, dabbar ba tasa ba ce, kuma shekara uku bai roƙi komai ba, har bakin ya manta yadda ake yi. Abin da ya fito daban ne.

"Hajiya, tsoho ne fa. Ba a tsoma shi a ruwa. A taje shi kullum, daga wuya zuwa baya. Faratan kuma a duba a haske kafin a yanke. Ba ya son a bar shi shi kaɗai."

"To Baba, in sha Allah," ta ce, idonta a kan waya.

Ya koma ciki da sauri gwargwadon ƙafarsa, ya ɗauko matajin da buroshin. Yana jan silifas a kan siminti ya ji fiton nan daga bayan mota inda aka sa kejin, sau uku, sannan aka rufe but. Ya miƙa kayan ta taga. Babbar yarinyar ta karɓa, ta juya matajin, ta ce wa uwarta ai tsoho ne, haƙoransa biyu sun karye. Uwar ta ce ta yi godiya mana. Gilashi ya hau, motar ta juya.

Ɗan ya dafa kafaɗarsa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ka rage mana aiki wallahi. Shiga ka huta, Baba."

Ya ce zai shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa har surukar ta leƙo ta ce a rufe get, sauro na shigowa.