Ɗakina a Bangon Jami'a

Tun kafin a kira ni Maraɗi hankalina yana kan bangon ɗakina na gabas. Ruwan unguwarmu duk ta gindinsa yake bi, ga damina ta kawo kai. Nan nake kwana da ɗiyata Rabi, mai shan nono. Babanta yana Agadas wajen nema. Bara waccan wasu malaman jami'a sun zo Dakoro binciken gidajen ƙasa, suka yi ta ɗaukar hoto. Bana shugabarsu, Malama Hadiza, ta aiko wa mai unguwa ya tura mace ɗaya taron da za a duba ko aikin ya yi tasiri. Aka ce ni, tunda ɗakina suka fi ɗauka.

Dakoro

Bayan asuba na goya Rabi, Inna surukata ta rako ni tasha da gorar fura. Ta ja mini kunne kada in tona asirin gida gaban baƙi. Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito, aka ɗaure awaki a sama muka tashi.

Kornaka

Jandarma suka duba katin kowa. Direba ya tambaye ni inda za ni, na ce jami'a. Ya dubi goyona ya ce lalle da wuri aka sa wannan lakwal, wato makarantar boko. Na sayi ƙosai na kasa ci, don hadari ya haɗu bayanmu, wajen gida.

Maraɗi

Kafin azahar ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar ɗakin taro. Wani malami ya bayyana yadda suke awon tasirin aiki: in masani a wata ƙasa ya yi rubutu ya ambaci naka, sai a ƙirga, yawan ambato shi ne nauyin aiki. Ya ce nasu ya yi nauyi, aka tafa. Sai aka haska hoto a bango. Ɗakina ne, sumul, da sabon yaɓe. Malama ta ce shi masana suka fi ambata, misalin ginin ƙasa mai jure ruwa, a unguwar da ba ta buƙatar magudanar ruwa da gaggawa.

Na san yaɓen nan. Bara waccan da aka ce baƙin na tafe, mai unguwa ya sa aka yi shela, mata muka kwaɓa ƙasa muka toshe kowace tsaga. Haka ake tarbar baƙo a wurinmu, ko da na suna ne. Ba wanda ya yi don yaudara.

Da aka ba ni magana na miƙe. Na ce, "Malama, bangon nan hannuna yana shiga cikin tsagarsa. Yaɓen na tarbarku ne."

Ta tambaya ko sauran gidajen ma haka, na ce duka. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce za su dawo su rubuta gyara, amma masanan da suka riga suka ambace shi ba ta da yadda za ta yi da su. Wani a gefenta ya ce ai gyaran ma za a ambace shi.

Na kwana gidan gwaggota, ta ba ni tuwo da miyar kuka. Barci dai sama-sama.

Gida

Washegari da la'asar muka iso. An yi ruwa. Bango yana tsaye, amma tsagar ta kai har rufi. Inna ta tambayi abin da na ce, na faɗa mata. Sai ta ce in kwaso shimfiɗar yarinya zuwa ɗakinta. Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malama da ta saurara.

Roƙona ga mai karanta wannan: in kana da ɗa ko ƙane cikin masu irin wannan aiki, ka faɗa masa in za su zo, kada su aiko da sanarwa. Su zo bayan an ɗauke ruwa, su zaga bayan ɗaki.