Fanka a Cikin Fanko

A garinmu duk abin da ke juyawa yana ƙara, inji ne. Na ban ruwa inji ne, na casar shinkafa inji ne, na markaɗe ma haka. Don haka da na dawo daga birni da sana'ar haɗa kwamfuta, na buɗe ɗan shago a bakin titin Kura, ban yi mamaki ba da mutane suka dubi akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburina suka ce masa inji. Mu 'yan sana'a kesin muke ce masa, kuma mun san gida ne kawai. Kwamfutar ita ce abin da aka ɗaura a ciki: bod, da furosesa, da ram, da katin hoto. Kayan ciki nake ce musu in ina tsokanar mahaucin da ke maƙwabtaka da ni. Na yi bayanin nan har bakina ya gaji. Mutum zai gyaɗa kai ya ce to, sannan ya bugi saman akwatin ya ce, "Injin nan naka ya tsufa fa."

Ya tsufa kam. Na gwanjo ne, ruwan toka, irin na ofisoshin da, gefensa a lotse. Ni na kai shi wajen mai walda ya huda masa taga don iska, na lulluɓe ta da ragar sauro saboda ɓuntun shinkafa da ke tashi daga injinan casa. Muni dai ya gama haɗuwa a jikinsa. Amma abin da ke cikinsa shekaru na yi ina tarawa, yau wannan, baɗi wancan. Da shi nake gyara bidiyon biki, da shi nake zana katin ɗaurin aure da allon masu sayar da taki. Shi ne gonata, tunda na ƙi ta Baba.

Sai wani Alhaji ɗan garinmu, mai kamfanin shinkafa, wanda siyasa ta fara yi wa ƙaiƙayi, ya gina wa gari ɗakin koyon kwamfuta. Aka kafa kwamiti, aka ba Baffa, ƙanin mahaifina, shugabanci. Baffa ya aiko na zo na ga kaya, tunda ni ake sa ran zan koyar da yara.

Guda goma sha biyu ne, a jere a kan tebura, kowanne da allonsa. Baƙaƙe sumul, gefensu gilashi, gabansu fankoki uku-uku masu fitila, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi. Irin kesin ɗin da 'yan wasan gem na kwamfuta a birni ke yanga da shi, wanda na sha tsayawa ina haɗiyar yawu a kansa a kasuwa. An tada janareta, ɗakin ya cika da dattawa, kowa yana masha Allah.

Tun daga bakin ƙofa na gane akwai matsala. Ba sai na kwance komai ba, gilashin ya nuna mini. Inda bod ya kamata ya zauna, ƙarfe ne tsirara da ramukan kusoshi. Babu komai sai ɗan akwatin wuta a ƙasa, wanda wani mai wayo ya haɗe wayoyinsa biyu don fankoki su riƙa tashi da zarar an jona. Har yau ban sani ba ko Alhaji aka cuta a birni, ko shi ya cuci gari.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutanen nan ba wawaye ba ne. Ka kai wa ɗayansu kwandon tumatir a Kadawa, ba zai kalli manyan da aka jera a sama ba, hannu zai zura har ƙasa. Buhun shinkafa shanshera sai ya tsire shi ya murza a tafinsa. Amma ga su tsaye, suna kallon fanko ta cikin gilashi, suna ganin cikakken inji.

Na ja Baffa gefe na gaya masa.

"Kai ɗan nan," ya ce, "ba ga shi yana juyawa ba? Gani ai ya kori ji."

"Fanka ce kawai, Baffa. Kunna allon ka gani."

Muka kunna. Baƙi ƙirin. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Baffa ya cire hula ya sosa kai. Jibi ne buɗewa, Alhaji zai zo da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, kuma shi Baffa ya karɓi kayan da hannunsa ya yi godiya a gaban jama'a.

"Ka rufa mana asiri," ya ce. "Ara mana naka na yini ɗaya, Alhaji ya samu abin dannawa. In an watse na same shi mu yi magana ta manya."

Na ce to, zan kawo.

"A'a, wannan gwangwanin naka ba zai shiga hoto ba. Ba za ka iya juye na cikinsa a ɗaya daga cikin waɗannan ba?"

Kun ji fa. Ranar nan Baffa ya san akwai na ciki, ya san ana juyewa.

Da na gaya wa Baba, yana zaune yana gyara bakin fartanya. Bai ɗago ba. "Ƙanina ne, ba zan hana ka ba," ya ce. "Amma ni dai ban taɓa ganin ruwan noman rani da ya shiga fangalin wani ya koma kanal ba."

Washegari bayan azahar na ɗaure kwamfutata a bayan babur na tafi. Maigadi ya buɗe mini, ya koma inuwa ya bar ni ni kaɗai da sukundireba. Na kwance kayana a hankali, na ɗaura su a kesin ɗin da ke tebur na gaba. Katin hoton da kullum yake a matse ya samu fili ya miƙe. Na ɓoye wayoyi a baya, na mayar da gilashi, na danna. Wallahi na ji daɗi. Ta tashi shiru, babu wannan gurnanin da na saba ji, iska na shiga ta gaba tana fita ta baya. Na zauna ina kallon gumina na shekaru cikin fitilu masu launi, kamar uban da ya ga 'yarsa cikin kwalliya. Tsohon kesin ɗin na jingine shi a kusurwa, bayan ƙofa.

Buɗewa ta yi kyau. Alhaji ya zauna a tebur na gaba, na nuna masa inda zai danna, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, aka yi tafi. Sauran goma sha ɗayan suna ta walƙiya, allunansu a kashe. Baffa ya gaya wa baƙi janareta ne ba zai ɗauke su duka ba. Aka ci shinkafa, aka yi addu'a, aka sa kwaɗo.

Da safe na dawo da sukundirebata. Maigadi ya ce an hana shi buɗe wa kowa. Na nemi Baffa, aka ce in zo bayan la'asar, kwamiti zai zauna a gindin darbejiyar ƙofar ɗakin.

Na tarar an fito da tsohon kesin ɗina an ajiye a kan tabarma. Har goge shi aka yi.

"Ga injinka nan," in ji wani dattijo, mai kula da rabon ruwa a ɓangarenmu, mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. "Ba wanda ya taɓa shi. Mun gode, Allah ya yi albarka."

Na ce kayan cikinsa na zo ɗauka, suna cikin na tebur na gaba.

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Goma sha biyu Alhaji ya kawo, goma sha biyu ne a ɗaki. Ɗaya ka kawo, ga ɗaya. Me kuma ya rage?"

Na yi bayani. Na ce gida daban, mai gida daban. Na ɗaga kesin ɗin da hannu ɗaya na ce su ji rashin nauyinsa. Wani ya ce ai injinan zamani duk haka suke. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce a buɗe ɗakin. Na shiga na ɗauko na tebur na biyu, na kwance gilashin a gabansu, na zura hannu har kafaɗa na kaɗa.

"Ku duba! Fanko ne! Duk haka suke, in ban da wanda na cika da kayana!"

Dattawan suka matso. Ɗaya bayan ɗaya suka leƙa, wasu suka zura hannu kamar a kwandon tumatir. A raina na ce alhamdu lillahi, yau dai sun gani.

Dattijon ya miƙe a hankali. "To ina na cikin suka tafi?"

"Dama babu."

"Jiya duk gari ya gan su suna aiki." Ya juya wajen maigadi. "Wa ya shiga ɗakin nan da abin kwancewa?"

Maigadi ya faɗi gaskiya. Ni ne, ni kaɗai, daga azahar har kusan magariba. Wa kuma ya iya buɗe irin wannan injin a duk faɗin garin? Ni ne dai.

Na dubi Baffa. Shi kaɗai ya tsaya tare da ni muna kunna alluna baƙaƙe. Kalma ɗaya daga bakinsa ta ishe ni. Yana jan carbi, idonsa a kan tabarma.

"Ni dai ban san kan inji ba," ya ce.

Da yamma ya zo gida, ya zauna a zaure da Baba, aka kira ni. Ya ce ya sha kan kwamiti. In na bar na tebur na gaba yadda yake, za a ce an sasanta, maganar ba za ta kai kunnen Alhaji ba. In na dage sai na kwance, to kayan inji goma sha biyu za a nema a hannuna, kuma da 'yan sanda. Ya ce shi ma rufa mini asiri yake yi. Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Bar musu," ya ce. Ban taɓa jin tsanar wata kalma ba kamar yadda na tsani rufin asiri a ranar.

Shagon bai kai damina ba na rufe shi. Masu biki suka koma birni da aikinsu, ni kuma na koma fangalin albasa tare da Baba. Ɗakin koyon kwamfuta bai taɓa karɓar ɗalibi ko ɗaya ba, don bayan zaɓe Alhaji bai sake waiwayarsa ba. Wani lokaci in na dawo daga gona nakan leƙa ta taga. Rufin ya fara yoyo daidai tebur na gaba, zanzaro kuma ya yi gini a bayan gilashin, a kan katin hotona. In na wuce inda ake gyaran injin ban ruwa, akan samu mai cewa, "Ku riƙe kayan cikinku, ga malam nan." Wasa ne, in ji su. Ni ma nakan yi dariya, in ba haka ba a ce abin gaskiya ne.

Tsohon kesin ɗin yana zauren Baba. Baba ya gano ɓera ba ya iya shigarsa, ga ragar sauro tana ba da iska, sai ya mayar da shi ma'ajiyar irin albasa da na tumatir. Sallar da ta wuce Baffa ya zo gaisuwa. Yana zama idonsa ya kai kansa. Ya miƙa hannu ya ɗan jinjina shi, ya ji nauyi, fuskarsa ta washe.

"Ashe ka sake cika shi," ya ce. "Ka gani? Dama na gaya wa Yaya ba ka yi asarar komai ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Ni ne ƙarami a zauren, don haka ni na tashi na kawo wa Baffa ruwa.